Darasi: Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Sama Bisa Ma'auni

Darasin wannan mako ya ɗan yi tsawo. Wanda ƙararrawa ta katse shi, ya daure ya dawo lokacin tashin tara ya ƙarasa, domin akwai jinga a ƙarshe.

Abin da ya jawo wannan darasi

Bara, ranar bikin ba da kyaututtuka, mu 'yan kulob ɗin kimiyya mun baje wani jirgin sama da muka haɗa da kwali da gwangwani. Mako uku muka yi muna aikinsa. Tsawonsa rabin mita ne. Muka shafe shi da fenti fari da kore, muka rubuta a takarda cewa wannan shi ne Boeing 747, jirgin alhazai. Iyaye suna wucewa suna sa mana albarka, har kanmu ya fara girma.

Can sai ga wani dattijo, kakan wata 'yar ajinmu, wanda ya yi aiki a filin jirgin sama har ya yi ritaya. Ya tsaya ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Jikokina, sannunku da ƙoƙari. Inji nawa ne da wannan jirgi?"

Muka ce, "Biyu, Baba."

Ya ce, "Huɗu ne. Taya fa?"

Muka ce, "Uku."

Ya ce, "Goma sha takwas ne. Ku ba ni rula."

Ya auna jirginmu. Ya ce na gaskiyar ya ɗan haura mita 70, namu kuma rabin mita, ke nan mun rage shi wajen sau 140. Sai ya auna tayarmu, wadda muka yi da murfin kwalbar lemo. Faɗinta santimita 3. Ya sa muka ninka 3 sau 140, muka samu santimita 420. Ashe da jirginmu zai koma na gaske, tayarsa za ta haura mita huɗu, ta fi ginin ajinmu tsayi. Tayar jirgin ta gaskiya kuwa wajen mita ɗaya da kwata ce. Da mun yi lissafi, da maɓallin riga muka sa.

Kunya ta kama mu. Baba ya yi murmushi ya ce, "Abin wasa kuka yi, kuma ya yi kyau. Amma samfuri sai da awo." Ya ce in Allah ya kai mu baɗi zai dawo ya ga abin da muka koya. Malamin lissafi da ke tsaye a wurin ya kafa mana doka nan take: bana babu jirgin da zai hau teburin baje koli sai an rubuta awonsa a gefensa. Bayan mako guda Baba ya aiko mana da tsofaffin mujallu da wani kwalin haɗa jirgi da ya daɗe da ajiyewa. Abin da muka koya daga cikinsu shi ne muka kawo muku.

Mene ne samfuri, mene ne ma'auni?

Dukanmu mun san motar kara da motar langa-langa. Yaro yakan ƙera su yadda ransa ya so, kuma babu mai ce masa ya yi kuskure. Samfuri ya bambanta da wannan. Samfuri shi ne ƙaramin kwafin wani abu na gaske wanda aka rage kowane sashe nasa da adadi iri ɗaya. In an rage fiffike sau 72, dole a rage taya sau 72, da farfela, da kujerar matuƙi, har da matuƙin kansa. Wannan adadi shi ake kira ma'auni, kamar dai ma'aunin taswira da muka yi a aji. Irin jiragen da muke magana a kansu ba sa tashi. Ajiye su ake yi a duba, a koyi siffar jirgin gaske da tarihinsa.

Ana rubuta ma'auni kamar haka: 1/72. Ma'anarsa santimita 1 a jikin samfuri yana tsaye a madadin santimita 72 a jikin jirgin gaske. Waɗanda aka fi amfani da su guda huɗu ne: 1/144, 1/72, 1/48 da 1/32. A lura, duk lokacin da lambar ƙasa ta ƙaru, samfurin ƙanƙancewa yake yi. Da yawanmu mun faɗi wannan tambaya da farko, mun ɗauka 1/144 ya fi 1/32 girma.

Wani zai tambaya, me ya sa 72, ba 70 ko 100 ba? Dalili shi ne Turawan Ingila da suka fara abin da inci da ƙafa suke awo. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, ƙafa shida kuwa inci 72. To a ma'aunin 1/72, mutum mai tsawon ƙafa shida zai koma inci ɗaya cif, wato wajen santimita biyu da rabi.

Ƙa'idar lissafin ba ta da wuya. A mayar da awon jirgin gaske zuwa santimita, sannan a raba da lambar ma'auni.

Misali na ɗaya: jirgin yaƙin Ingila mai suna Spitfire, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 11.23 ne, wato santimita 1,123. In aka raba da 72 za a samu santimita 15.6. In aka raba da 48 za a samu santimita 23.4.

Misali na biyu: Boeing 747-400 tsawonsa ya kai mita 70.6. A ma'aunin 1/72 zai kai santimita 98, kusan mita guda, ya cinye tebur. A 1/144 kuwa santimita 49 ne. Shi ya sa manyan jiragen fasinja aka fi yin su a 1/144.

Taƙaitaccen tarihi

Wannan sana'ar hannu a Ingila ta yi ƙarfi tun farko. A shekarar 1932 aka fara sayar da wasu kayan haɗi masu suna Skybirds a ma'aunin 1/72. Na katako ne da 'yan ƙarafa, sai mutum ya goge ya daidaita da kansa. A 1936 kuma masu tambarin FROG suka fito da na roba. Kamfanin Airfix, wanda wani mutumin ƙasar Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa a Ingila a 1939, matajin kai na roba ya riƙa yi kafin ya shiga wannan harka. A cikin shekarun 1950 ya fara sayar da Spitfire cikin 'yar leda a kan kuɗi kaɗan, har yaran makaranta suna iya saye da kuɗin kashewarsu. Sauran manyan kamfanoni sun haɗa da Revell da ya faro a Amurka, da Tamiya da Hasegawa na Japan.

Labarin da ya fi burge mu shi ne na ɗalibai irinmu. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hukumomin Amurka sun nemi ɗaliban makarantun sakandare su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 da katako a ma'aunin 1/72, a shafa musu baƙin fenti. Da su ake koya wa sojoji bambanta jirginsu da na abokan gaba tun daga nesa. Hikimar ita ce, samfurin da aka rataye a nisan mita 10 daidai yake a ido da jirgin gaske da ke nisan mita 720. Sai an duba aikin kowane ɗalibi kafin a karɓa, domin in siffar fiffike ta kauce, soja zai iya harbo ɗan uwansa. Da jirginmu na bara aka kai wurin, da tun daga ƙofa za a dawo da shi.

A 1963 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiya a Birtaniya da ake kira IPMS, wadda yanzu take da rassa a ƙasashe da yawa. Duk watan Nuwamba suna babban baje koli a garin Telford na Ingila. Yawancinsu ma manya ne, har da masu furfura.

Abin da ke cikin kwali

Kwalin da Baba ya aiko mana na Spitfire ne a ma'aunin 1/72. Da muka buɗe, mun tarar da abubuwa huɗu. Akwai sassan jirgin na roba a maƙale jikin firam, kowanne da lambarsa. Akwai murfin ɗakin matuƙi na roba mai haske kamar gilashi. Akwai takardar tambura. Sai takardar umarni mai zane-zane.

Yadda ake yin sassan ya yi kama da aikin maƙeran da ke zuba tukunyar alminiyam. Su suna narka ƙarfe su zuba a mazubin ƙasa. A masana'anta kuma roba ake narkawa, inji ya tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe. Hanyoyin da robar ta bi ta shiga, su ne suke daskarewa su zama firam.

Ga matakan haɗawa kamar yadda muka koya:

1. A karanta takardar umarni daga farko har ƙarshe kafin a taɓa komai.
2. A wanke sassan da ruwa da ɗan sabulu, saboda maiƙon da ke jikinsu yana hana fenti kamawa.
3. A yanke kowane sashe daga firam da 'yar wuƙa ko abin yanke farce. Kada a murɗe shi da hannu, zai ɓantare.
4. A goge wurin yankan da samfefa mai laushi.
5. A gwada haɗa sassa biyu ba gam, a ga ko sun zauna daidai.
6. A fara fentin cikin ɗakin matuƙi kafin a rufe gangar jikin, domin in an rufe buroshi ba zai shiga ba.
7. A sa gam kaɗan. Gam ɗin wannan aiki narka fuskar robar yake yi har sassan biyu su zama ɗaya, kamar walda. A ɗaure da robar ɗaure kuɗi har ya bushe.
8. A shafa fenti mai ruwa-ruwa sau biyu ko uku, ana bari yana bushewa. Shafi ɗaya mai kauri yana binne zanen jikin jirgin.
9. A yanko tambari a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, sannan a zame shi daga takardarsa zuwa jikin jirgin, a danna da tsumma mai laushi.

Mun yi kuskure biyu, kuma za mu faɗa don kada wani ya maimaita. Na farko, ɗayanmu ya riƙe fiffike da yatsa mai gam, sai ga shatin yatsansa ya zauna a jikin robar har yau. Na biyu ya fi ciwo. Mun ƙosa mu gama, sai muka liƙa murfin ɗakin matuƙi da sufa-gulu. Da gari ya waye murfin ya yi fari fat kamar hazon hunturu, duk aikin da muka yi a ciki ba a ganinsa. Tururin sufa-gulu ne yake jawo haka. Daga baya muka gani a mujalla cewa farin gam irin na kafintoci ake sa wa wannan sashe, domin shi in ya bushe haske yake yi. Bayanin yana nan a shafin da muka tsallake. Gaskiyar Hausawa, gaggawa aikin Shaiɗan.

Kayan ƙari

In mutum ya sayi sabon babur, yakan je wajen masu kayan kwalliya ya ƙaro madubi da rigar kujera da sitika, waɗanda ba kamfanin babur ɗin ne ya yi su ba. Haka abin yake a nan. Akwai ƙananan kamfanoni da aikinsu shi ne ƙera sassan da za a ƙara wa kwalin wani kamfani, ko a musanya na ciki da su. Ɗaya daga cikin sanannunsu shi ne Eduard na Jamhuriyar Cek, wanda ya faro a 1989.

Me ya sa ake buƙatarsu? Amsar tana cikin lissafi. Roba tana da iyakar sirantar da za ta yi a mazubi. A ce ƙofar da ke rufe taya ta fito da kaurin milimita 1 a ma'aunin 1/72. In aka ninka, a jirgin gaske kaurinta ya zama santimita 7.2, kamar katakon azara, alhali fallen ƙarfe ne siriri. Kayan ƙari suna gyara irin wannan. Ga manyan ire-irensu:

Fallen tagulla. Wannan ƙarfe ne mai sirantar takarda. Ana buga hoton sassan a kansa da haske, sannan a sa sinadari ya cinye wuraren da ba a so, sassan su rage. Da shi ake yin bel ɗin kujera da allon agogunan matuƙi da raga. Wasu sassan ba su kai ƙwayar gero ba, sai da hantsaki ake ɗaukarsu, kuma in ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai haƙuri.

Rezin. Wani ruwa ne mai kauri da ake zubawa a mazubi mai laushi ya daskare. Yana fitar da zane dalla-dalla fiye da roba. Da shi ake yin inji da kujera da taya. Har akwai tayar da ake yi da ɗan lotsawa a ƙasa, don ta nuna nauyin jirgi yana kanta. Yanzu kuma ana buga irin waɗannan sassa da injin da ke gina abu hawa-hawa daga zanen kwamfuta.

Tambura na daban. Jirgi iri ɗaya ƙasashe da yawa suke amfani da shi. Wanda ya sayi kwalin da ke ɗauke da tambarin wata ƙasa, yana iya sayen takardar tambura ta daban ya mayar da shi na ƙasar da yake so, da lambar wani jirgi takamaimai.

Abin rufe gilashi. Salatif ne na takarda da aka yayyanka daidai da tagogin jirgin. A liƙa, a yi fenti, a ɓare, gilashin ya fito tsaf.

Da muka ga hotunan waɗannan kaya, sai muka ce lallai su ne maganin matsalarmu. Muka je wa malamin lissafi da maganar a haɗa kuɗi a yi odarsu daga waje. Ya sa muka zauna muka tara farashinsu, sai muka ga sau da yawa kuɗin kayan ƙarin yana fin kuɗin kwalin kansa, ga kuɗin aikowa, ga canjin dala. Sannan ya tambaye mu, "Da kun sa wa jirginku na bara kujerar rezin da bel na tagulla, da tayar ta ragu?" Muka yi shiru. Kayan ƙari ado ne, kuma ado ba ya miƙar da ginin da ya karkace. Tun ran gini tun ran zane.

Sai muka koma neman abin da ke hannunmu. Ma'abota wannan aiki ma haka suke yi kafin a fara sayar da kayan ƙari, kuma har yanzu wasu da hannu suke ƙera nasu. Mun gano cewa takardar alminiyam ta cikin gwangwanin madarar gari tana yin bel ɗin kujera. Silin wayar da ke cikin mataccen abin cajin waya yana yin bututun mai. Gorar ruwa tana ba da gilashi. Gwangwanin lemo in aka yanka aka miƙar, fallen ƙarfe ne siriri. Sharaɗin dai ɗaya ne, a auna kafin a yanka.

Mujallu da littattafai

To daga ina ake samun awon? A nan ne mujallu da littattafai suke shigowa. Mujallar Airfix Magazine ta fara fitowa a Ingila a 1960. Scale Aircraft Modelling ta biyo baya a 1978, ita ma a Ingila. FineScale Modeler kuma ta Amurka ce, ta fara a 1982. Akwai kuma ƙananan littattafai da kowanne jirgi ɗaya tak yake bayani, kamar jerin Walk Around na kamfanin Squadron/Signal, inda ake zagaya jirgi da kyamara a ɗauki hoton kowane lungu nasa.

Abubuwa huɗu muka fi amfana da su a ciki. Na farko, zanen jirgi ta sama da ta gefe da ta gaba, wanda aka yi bisa ma'auni, har mutum zai iya ɗora aikinsa a kai ya ga inda ya kauce. Na biyu, hotunan jirgin gaske. Na uku, zanen launuka da ke nuna fentin da wani jirgi ya sa a wata shekara. Na huɗu, bayanin wanda ya riga ya haɗa kwalin, yana faɗin inda ya sha wuya da yadda ya fita.

Sai dai karatun yana son lura. Shafuka da yawa talla ce, kuma aikin talla shi ne ta sa ka ji abin da ke hannunka bai isa ba. Mun kuma tarar da zane biyu na jirgi ɗaya da launinsu ya saɓa. Dalili shi ne tsofaffin hotuna baƙi da fari ne, mai zane yakan yi hasashen launin. Don haka muka ɗauki ƙa'ida: kada mu yarda da awo sai mun gan shi a wuri biyu, kuma in zane da hoto suka saɓa, hoto za mu bi.

Masu wannan sha'awa suna tsokanar wanda ya cika tsanani da cewa mai ƙirga ƙusoshi ne, wato har ƙusoshin jikin jirgi yake lissafawa don ya kushe aikin wani. Ba ma fatan zama haka. Amma wanda bai ƙirga injin jirginsa ba, shi ma ya yi nisa ta ɗaya gefen.

Aikinmu na bana

Bana mun zaɓi jirgin da ya shafi garinmu. A ranar 27 ga Oktoba 1925, jirage uku na rundunar sojan sama ta Birtaniya sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ta ƙasar Masar, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Sun biyo ta Sudan suna yada zango, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba, a zamanin Sarkin Kano Usman. Lokacin ba a gina filin jirgin da muka sani yanzu ba. Irin jirgin ana kiransa DH.9A. Fiffikensa hawa biyu ne, na sama da na ƙasa, da sanduna da wayoyi a tsakaninsu. Mutum biyu yake ɗauka. Yawancin jikinsa katako ne da aka lulluɓe da yadi, injinsa kuma ƙirar Amurka ne mai suna Liberty, mai ƙarfin doki 400.

Ba mu da kwalinsa, don haka daga tushe muke ƙera shi, a ma'aunin 1/32 don ya yi girman da hannunmu zai iya. Ga lissafin da za mu liƙa a gefensa:

Faɗin fiffike: mita 14, wato 1,400 ÷ 32 = santimita 43.75.
Tsawon jiki: mita 9.22, wato 922 ÷ 32 = santimita 28.8.
Tsayi daga ƙasa: mita 3.45, wato 345 ÷ 32 = santimita 10.8.
Matuƙi mai ƙafa shida: 183 ÷ 32 = santimita 5.7.

Gangar jikin da kwali mai kauri muka yi ta. Fukafukan da ɓawon karan dawa muka yi musu haƙarƙari, muka lulluɓe da takarda. Sandunan tsakiya tsinken tsire ne da muka fere. Wayoyin kuma zaren ɗinki ne da muka goga wa kakin kyandir don kada ya yi gashi. Fiffiken sama sau uku muna sake shi. Na farko ya gaza da santimita biyu, na biyu ya karkace da ya bushe. Wasunmu sun ce a bar shi haka, ba wanda zai lura. Wata 'yar kulob ta ce Baba zai lura, kuma ko bai zo ba mu mun sani. Sai muka sake. Yanzu saura tayoyi da farfela da fenti ruwan azurfa, ga shi saura mako biyar biki.

Gargaɗi

Reza da wuƙa sai a gaban malami, kuma a riƙa yanka ana nesanta kaifin daga jiki. A buɗe tagogi in ana aiki da gam ko fenti. Kada kowa ya kai gam hancinsa ko da wasa, domin mun san abin da shaƙar sholisho take yi wa ƙwaƙwalwa. Ƙurar rezin tana cutar da huhu, don haka da ruwa ake goge shi. A kuma ɓoye ƙananan sassa daga ƙannenmu, kada su haɗiye.

Jinga

1. Jirgin Alpha Jet, irin wanda sojan saman Nijeriya suke amfani da shi, faɗin fiffikensa mita 9.11 ne. Nawa zai zama a ma'aunin 1/72?
2. Wani samfuri na 1/48 tsawonsa santimita 20 ne. Mita nawa ne tsawon jirgin gaske?
3. Ƙofar aji mai tsayin mita 2, nawa za ta koma a ma'aunin 1/32?
4. Ka auna tsayinka, ko ki auna tsayinki, a gaya mana nawa zai zama a 1/72.

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a wannan allo mako mai zuwa. Muna kuma roƙon duk wanda yake da tsohon hoton jirgi, ko mataccen abin caji, ko rular ƙarfe da ba a amfani da ita a gida, ya taimaka mana bayan ya nemi izinin iyayensa. Mai son shiga aikin ya same mu a ɗakin gwaje-gwaje ranar Laraba bayan an tashi, ya zo da rularsa da fensir.

Kuskuren da aka gani a wannan rubutu namu ne, malamai su gyara mana. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, kulob ɗin 'yan jarida.